Ɗan shekara 62 ya fara gudun asuba: neman lafiya ne ko zubar da girma?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in kawo ta zauren nan, tunda akwai manya, akwai kuma ma'aikatan lafiya a cikinmu.

Shekarata 62. Shekara uku ke nan da na ajiye aikin koyarwa. Tun daga nan rayuwata ta koma daga ɗaki sai masallaci, sai benci a ƙofar gida. Kafin shekara ta zagayo teɓa ta fito, aka auna ni aka ce hawan jini. Abin da ya farkar da ni shi ne ranar da jikana ɗan shekara 4 ya fizge hannunsa ya nufi titi. Na bi shi, ban yi taku ashirin ba na ji ƙirjina kamar zai tsage, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Wani mai shayi ne Allah ya sa ya cafke yaron. A daren nan ban runtsa ba.

Washegari bayan sallar asuba na fara tafiya, minti 15 kacal, in je in dawo. Yau wata 14 ke nan. Yanzu ina sassarfa kilomita 5 sau uku a mako, ranar Asabar kuma in haɗa tafiya da sassarfa har kilomita 8. Maganina ban daina sha ba, amma awon jinina ya daidaita, barci ya dawo, ina kuma iya tsayuwar sallar dare ba tare da na nemi kujera ba.

Wanda ya ƙara mini ƙarfin gwiwa wani dattijo ne da na karanta labarinsa, Ed Whitlock, haifaffen Ingila mazaunin Kanada. A 2003, yana da shekara 72, ya gama gudun fanfalaki, wato kilomita 42 da 'yan kai, cikin ƙasa da awa 3. Kafinsa babu wanda ya haura 70 da ya taɓa yin haka. Da shekara ta zagayo ya rage lokacin zuwa awa 2 da minti 54. A 2016, yana da 85, ya gama cikin awa 3 da minti 56. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake atisaye kafin rasuwarsa a 2017. Ba shi da koci, ba ya zuwa gidan motsa jiki. Sai ya shiga wata maƙabarta kusa da gidansa a garin Milton ya yi ta zagaye a hankali, wani lokaci har awa uku.

Ni ba lokacinsa nake nema ba. Burina in shiga na kilomita 10 a tseren Legas na watan Fabrairu. To a nan rigima ta tashi. Babban ɗana ya ce, "Baba, kuna zubar mana da mutunci, a unguwa ana tambaya ko lafiya." Aminina na shekara 40 ya ce gwiwata zan kashe. Shi ya sa nake tambaya: dattijo ya riƙa gudu mai nisa, lafiya yake nemar wa kansa ko wahala? Ku faɗa mini gaskiya, ba lallashi na zo nema ba.

Alhaji Mai Goro:
Wa alaikumus salam Malam. Tunda gaskiya kuka nema, ga ta. Ni ina bayan ɗanku. Kowane shekaru da abin da ya dace da su. Tafiya ban ƙi ba, amma mai furfura yana haki a bakin titi, yaran da ya koyar suna wucewa a adaidaita sahu suna leƙensa, wannan bai kwanta mini ba.

Sai gwiwa. Ni a wurina gwiwa kamar tayar mota ce, iya tafiyarta iya cinyewarta. Sai kuma zuciya, wadda ita ce babbar. Akwai wani Ba'amurke, Jim Fixx, da ya yi suna wajen kiran mutane su fito gudu. A 1984 yana cikin gudun ya faɗi a hanya ya mutu, yana da shekara 52. Kun girme shi da shekara goma fa. Shi kuma Baturen da kuka ambata, ɗaya ne cikin miliyoyi. Ba a auna jikin jama'a da jikin wanda Allah ya keɓe.

Baban Sadiya:
Na gode Alhaji, irin maganar da nake so ke nan. Batun zubar da girma dai, in tufafi ne, dogon wando nake sawa da riga mai hannu. Sauran biyun kuwa su ne ke damuna ni ma. Maman Khalifa, ina fata kina kusa.

Maman Khalifa:
Ga ni, Baba. Sannunku da ƙoƙari. Shekarata 19 ina aikin jinya, mafi yawansu a ɗakin da ake kwantar da masu shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. A shekarun nan ban taɓa karɓar dattijon da sassarfa ta kwantar ba. Waɗanda zama ya kwantar kuwa ba zan iya ƙirga su ba.

Alhaji, da girmamawa, misalin taya bai dace da gwiwa ba. Taya ba ta da rai, guringuntsi kuwa yana da shi. Babu jijiyar jini a cikinsa, abincinsa daga ruwan gaɓa yake samu, kuma sai an matsa shi an saki, kamar soso, ruwan ke shiga ya fita. Gaɓar da ba ta motsi yunwa take ji. A Jami'ar Stanford ta Amurka, daga 1984 aka bi sawun masu gudu sama da 500 da suka haura shekara 50, ana kwatanta su da sa'o'insu marasa gudu, har fiye da shekara 20. Da aka fitar da sakamako a 2008, masu gudun sun fi daɗewa suna yi wa kansu hidima, irin wanka da sa kaya da tashi daga kujera, mace-mace a cikinsu sun fi ƙaranci, hoton gwiwarsu kuma bai nuna sun fi sauran lalacewa ba. Abin da ya fi cin gwiwa shi ne ƙiba, da tsohon rauni, da raunin tsokar cinya.

Amma maganar Alhaji ta zuciya ba abin wasa ba ce. Jim Fixx da aka binciki gawarsa an tarar jijiyoyin zuciyarsa sun toshe. Mahaifinsa ciwon zuciya ne ya kashe shi yana da 43, shi kansa ya daɗe yana shan sigari, ga ƙiba, kafin ya fara gudu yana da 35. Gudu ba ya wanke abin da ya riga ya taru. Saboda haka Baba, kafin Legas ku je a yi muku gwajin zuciya, ku gaya wa likita dalla-dalla abin da kuke yi da wanda kuke shirin yi. In kuna cikin gudu kuka ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko ciwo na tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko zuciya na bugawa ba tsari, ku tsaya nan take, ku nufi asibiti a ranar. Kada a ce bari mu gani zuwa gobe.

Alhaji Mai Goro:
Na ji bayanin gwiwa, Hajiya, kuma na ƙaru. Amma bari in tambaye ki abu ɗaya. In motsi ne lafiya, me ya sa ɗan ga-ruwa da ɗan dako a Dawanau da manomin da ya yi shekara 40 a duƙe suke ragargajewa tun kafin su kai 60? Waɗannan sun fi duk wani mai gudu motsi. Ina da ma'aikata a kasuwa, da idona nake ganin yadda suke ƙarewa. Mu da muka taso cikin wahala, hutun tsufa shi ne ladan da muke jira. Yanzu kuma a ce mu koma mu sayi wahala da kuɗinmu?

Maman Khalifa:
Tambayar nan tana da nauyi, Alhaji. Ɗan dako yana ɗaukar buhu mai kilo 100 a wuya da baya, awa goma a rana, kwana bakwai a mako, ko da zazzaɓi ko da targaɗe, ga abinci bai wadata ba. Jiki ba ya ƙaruwa a lokacin aiki, a lokacin hutun da ke bin aikin yake gina kansa. Shi ɗan dako ba shi da wannan hutun. Baba kuwa minti 40 ne, ba kaya a kansa, gobe ya huta, in gwiwa ta yi magana ya tsaya.

Ga wani misali da ya fi kusa da tambayarku. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan motocin bas masu bene na Landan. Direba yana zaune duk yini, kwandasta yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi nesa ba kusa ba. Shi Morris ya riƙe motsa jiki har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da 99. Ku duba direbobinmu na dogon zango da 'yan kasuwar da ke wuni a kan kujera a shago, ku tuna nawa ne a cikinsu aka kai asibiti rabin jiki ya mutu.

Malam Na Zaure:
Assalamu alaikum. Ina so in taɓa batun zubar da girma, domin na ga shi ne ya fi yi wa Malam ciwo, ko da bai faɗa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, har sau biyu. Na farko ta wuce shi, na biyu bayan ta yi jiki ya wuce ta. A aikin Hajji ma ana so namiji ya yi sassarfa a zagaye uku na farkon ɗawafin isowa, da kuma tsakanin korayen fitilu a Safa da Marwa, kuma ba a ce ban da mai furfura ba. Abin da ya halatta ga mafificin halitta ba zai zama abin kunya gare mu ba. Kunyar nan tamu ce, mu muka ɗora wa kanmu.

Sharaɗi dai a rufe al'aura, kada gudun ya ci sallar jam'i, kuma kada a cutar da kai, domin hadisin da ya ce jikinka yana da haƙƙi a kanka, kaifi biyu gare shi: ya hana a bar jiki ya lalace, ya hana a azabtar da shi.

Abu ɗaya ne ban so ba a labarin Baturen nan, wato maƙabarta. Wurin wa'azi ne da addu'a. Kada wani ya karanta ya ce zai kwaikwaya a namu.

Baban Sadiya:
Allah ya saka da alheri, Malam. Ba zan kusanci maƙabarta da gudu ba. Abin da na fahimta, wurin ya ba shi inuwa da shiru, babu mota, kuma kusa da gida. Ni ma abin da nake nema ke nan ban samu ba. Sau biyu ɗan acaɓa yana kusa ya kwashe ni da duhun asuba.

Na Landan:
Baba, wannan da kuka faɗa shi ne ainihin haɗarin, ni a ganina ya fi na gwiwa. Nan gabashin Landan, a Ilford, wani dattijo ɗan Indiya ya zauna, Fauja Singh. Bayan rasuwar matarsa da ɗansa baƙin ciki ya kusa gamawa da shi, sai ya kama gudu. Ya shiga fanfalakin Landan karon farko a 2000 yana da shekara 89. A 2011 ya gama na Toronto cikin awa 8 da 'yan kai, ana lissafin shekarunsa 100. Masu kundin Guinness ba su karɓa ba saboda ba shi da takardar haihuwa, kamar yawancin kakanninmu, don haka shekarun nasa akwai masu ja. Amma tsufansa kam babu mai ja, da rawaninsa da farin gemunsa har ƙirji yake gudu, kuma mutanensa alfahari suke da shi.

Ƙarshensa shi ne abin tausayi. A Yulin 2025 mota ta buge shi yana tsallaka titi a ƙauyensu a Punjab, ya rasu. Mutumin da zuciyarsa da gwiwarsa suka ɗauke shi fiye da shekara ɗari. Don Allah Baba ku bar bakin kwalta.

Abbati Jos:
Ranku ya daɗe Baba, ni ɗanku ne, shekarata 27, kuma na yi tseren Legas sau biyu. Wallahi da na karanta saƙonku sai da na ji daɗi har raina. Mu nan Filato gudu ba baƙon abu ba ne, yaran Pankshin su ke yawan cinye kyautar 'yan gida a manyan tsere, don haka ba wanda zai kalli mai gudu ya ce ko lafiya.

Ga abin da zan roƙe ku. Ku nemi filin makaranta ko na ƙwallo, ƙasa ta fi kwalta sauƙi ga ƙafa. In dole sai titi, ku bi gefen da za ku riƙa fuskantar motoci, da farar riga, ba abin sauraro a kunne. Kambas ya zama akwai sararin yatsa guda a gabansa, domin ƙafa tana kumbura in tafiya ta yi nisa. Na gwanjo ma ya isa in ƙasansa bai cinye ba. Kada ku sa sabon takalmi ranar tsere.

Daga 8 zuwa 10 ba nisa, amma kada ku ƙara duka a mako ɗaya. Rabin kilomita ya isa, a mako na huɗu kuma ku rage ku huta. Sannan Legas ba Kano ba ce. A Fabrairu ku kun saba da busasshiyar iskar hunturu, can kuwa zafi ne mai damshi, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Na ga samari majiya ƙarfi sun zube saboda sun fara da wuta. Ku fara a hankali fiye da yadda zuciya ke so, ku sha ruwa a duk inda aka miƙa, in kun gaji ku taka. Ba a hana tafiya a tsere ba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum jama'a. Ni abin da ke ba ni mamaki cikin zancen ga, yaushe munka zama mutanen da ke jin kunyar tafiya? Kakanninmu fatake da ƙafa sunka riƙa zuwa Gwanja saro goro, daga Kano har Salaga, watanni ana tafiya bayan jakkai, kuma madugu ba yaro ba ne. Wasu da ƙafa sunka tafi Makka ta Chadi da Sudan. Alhaji Mai Goro, sana'arku ma da tafiya ta kafu. Babana har ya wuce 70 da keke yake zuwa gona. Yau ko masallacin Juma'a sai kabu-kabu.

Ni shekarata 58, lokotoro ya ce gwiwata ta hagu ba ta son gudu saboda tsohon karaya, sai na koma ga keke. Kilomita 20 nike yi da safe, sau huɗu a mako. Keke ba ya dukan gaɓa, kuma ba wanda zai ce dattijo ya zubar da girma don ya hau keke. A Faransa an yi wani tsoho, Robert Marchand, a 2017 yana da shekara 105 ya yi kilomita 22 da rabi cikin awa guda bisa keke. Wanda gudu bai karɓe shi ba, ga wata ƙofa.

Alhaji Mai Goro:
Ɗan Maraɗi ka taɓo ni. Kakana ya yi fataucin Gwanja, gaskiya ne. Sai dai su don neman abinci suka yi, ba don a rataya musu lamba a wuya ba. Tafiya da keke na yarda. Legas ɗin ce har yanzu ban ga amfaninta ba. In lafiya ake nema, an same ta a filin makaranta. Me ya kawo shiga mota kilomita dubu don a yi gudun awa ɗaya da rabi cikin zafi?

Hajiya Iya:
Ku yi haƙuri in sa baki, duk maganar ta maza ake yi. Mu mata namu ya fi tsanani. Namiji ko ba komai yana zuwa masallaci sau biyar, yana zuwa kasuwa. Mace in ta aurar da 'ya'ya, surukai da jikoki suka karɓe aikin gida, shi ke nan sai tabarma. Ana ganin gata ake mata. "Iya zauna, Iya kawo in yi." Da haka ƙafa ke mutuwa.

Ni sai da na je Umara na gane halin da nake ciki. Safa da Marwa sau bakwai ya fi kilomita uku, ban da ɗawafi. A zagaye na huɗu na zauna ina kuka, ƙarshe a keken guragu aka ƙarasa da ni, ina da shekara 57 kacal. Da na dawo na samu maƙwabtana biyu, muka roƙi izini a wata makarantar 'yan mata kusa da mu. Bayan asuba muna zagaya fili da hijabanmu, muna tasbihi, muna hira. Yanzu mu tara ne. Da Allah ya sake kira na bayan shekara uku, wannan karon Hajji, da ƙafata na yi komai, har jifa.

Saboda haka Alhaji, ni na gane abin da Malam yake nema a Legas. Da ba don na sa Makka a gabana ba, da sanyin hunturun farko na daina fita. Mutum yana bukatar ranar da yake shiri dominta.

Baban Sadiya:
Hajiya kin faɗi abin da na kasa faɗa. Tun da na bar aji babu wanda ke jirana a ko'ina da ƙarfe takwas. Wannan ya fi teɓar ciwo. Yanzu ina da kalanda a bango, ina da abin da zan tashi dominsa.

Maman Khalifa:
Hajiya Iya, Allah ya ƙara lafiya, ina ma kowace unguwa da irinku. Bari in ƙara abin da ba a taɓo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Matsakaici shi ne wanda za ka iya magana a cikinsa amma ba za ka iya rera karatu ba. Irin zagayen su Hajiya ke nan, kuma mafi yawan gudun Baba ma a nan ya kamata ya tsaya. In ba ku iya amsa sallama da cikakkiyar jimla, kun yi sauri.

Amma gudu kaɗai bai isa ba. Daga shekara 30 tsoka ke fara raguwa, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Shi ya sa hukumar ta ce a ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, wanda ya kai 65 kuma ya ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku, saboda faɗuwa. Karayar ƙugu a tsufa ta kwantar da mutane da yawa kwanciyar da ba su tashi ba. Ba sai da ƙarfe ba: a zauna a kujera a tashi ba dafawa sau goma, a tura bango da hannu, a tsaya da ƙafa ɗaya kusa da abin kamawa, a ɗaga galan mai ruwa. A kuma ci abin gina jiki, wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa.

Don kada a ce na ɓoye wani abu: waɗanda suka shafe shekaru masu yawa suna gudu ko tseren keke mai tsananin yawa, musamman maza, an fi samun wani nau'in rikicewar bugun zuciya a cikinsu. Wannan na masu awanni da yawa ne kowane mako shekara da shekaru. Kilomita 5 sau uku bai kai nan ba. Amma shi ya sa ba zan ce kowa ya kwaikwayi awa ukun Whitlock ba. A nan Alhaji yana da gaskiya, jikinsa na daban ne.

Ummu Aiman:
Anti Maman Khalifa, mahaifiyata tana da ciwon suga, shekararta 66, tana son fara irin na su Hajiya. Kuma ga azumi, yaya za a yi?

Maman Khalifa:
Ta fara, zai taimaka mata ƙwarai, tafiya bayan cin abinci tana sauke suga. Amma ta fara gaya wa likitanta, domin in tana allurar insulin ko wasu daga cikin ƙwayoyin, suga na iya faɗuwa a hanya. Ta riƙe dabino uku a jaka, in ta ji rawar jiki ko gumi mai sanyi ko duhu a ido ta ci nan take. Kada ta taka ba takalmi, kuma kullum da dare ki duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu, saboda mai suga yana iya jin rauni bai sani ba. Minti 10 ya isa a makon farko. Da azumi a mayar da shi bayan buɗa-baki ko bayan tarawihi, a sha ruwa sosai. Baba ku ma haka, kada a yi gudu da rana da baki a bushe, balle ga maganin hawan jini da wasunsa ke sa yawan fitsari.

Baban Sadiya:
'Yan uwa na dawo da bayani, kwana tara bayan maganarmu. Na je asibiti, babban ɗan nawa ne ma ya kai ni. An yi gwajin zuciya da na jini, likita ya saurari duk abin da nake yi, ya ce in ci gaba, sai dai kilomita 10 ɗin in haɗa da tafiya, kuma in koma ya sake dubana kafin in kama hanya. Na samu fili a makarantar firamare ta bayan layinmu, mai gadi yana buɗe mini da an idar da asuba. Zama da tashi a kujera na fara da takwas, cinyoyina sun yi tsami kwana biyu.

Ɗana har yanzu bai saki jiki da zancen Legas ba. Ya ce in dole ne sai dai mu tafi tare, ya jira ni a wurin gamawa da ruwa da magani. Na ce na yarda.

Alhaji Mai Goro:
Alhamdu lillahi da sakamakon, Malam. Ni ra'ayina a kan Legas yana nan, amma tunda yaron zai bi ku hankalina ya ɗan kwanta. Hajiya Maman Khalifa, gwajin zuciyar nan sai an je da azumi ne, ko ana iya karyawa a tafi?

Maman Khalifa:
Na zuciya ba ya bukatar azumi, Alhaji, minti kaɗan ne, ana manna wayoyi a ƙirji kawai. In za a haɗa da na suga da na kitsen jini ne ake so ku je ba ku karya ba. Ku tafi da duk magungunan da kuke sha a leda, har na gargajiya, likita ya gan su.